Sony MDR-7506 a kan waya da ƙaramar MP3: hedifon da ba ya neman amfilifaya

Yawancin masu sauraron karatu, wa'azi ko waƙa a Garwa ta ƙasar Kamaru ba su da wata na'ura ta musamman domin wannan aiki. Abin da ke hannunsu waya ce ta Tecno, Itel ko Infinix mai ramin iyafis na milimita 3.5, ko kuwa ƙaramar MP3 mai cin memori wadda ake jefawa a aljihun gaba. Ƙarfin da irin waɗannan na'urori suke fitarwa kaɗan ne, domin batirinsu ƙarami ne, kuma tun asali an ƙera su ne domin iyafis ɗin da ke zuwa a cikin kwali. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar sayen babban hedifon, alhali ba shi da niyyar ƙara sayen amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ya riƙa yawo da ita, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce ko na'urarsa za ta iya tura wannan hedifon. Maganar daɗin sauti tana zuwa ne bayan an amsa wannan.

Na daɗe ina amfani da Sony MDR-7506 a kan waya da kuma ƙaramar MP3, a gida da kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, kuma a ganina yana cikin 'yan kaɗan ɗin manyan hedifon da suke ba da cikakken sautinsu ba tare da ƙarin na'ura ba. Yana da aibu, kuma wasu aibobin nasa zafin ƙasarmu yana ƙara fito da su. Amma kafin in zo kansu, dole ne in bayyana dalilin da ya sa yake aiki inda waɗanda suka fi shi tsada suke gazawa, domin wannan dalili shi ne zai yi wa mai saye jagora ko da wani hedifon dabam ya ci karo da shi a kasuwa.

A bayan kwalin kowane hedifon na kirki akwai lambobi biyu. Ta farko ita ce turjiyarsa ga wutar da ke shiga, ana auna ta da om, alamarta kuma Ω. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da yake bayarwa idan aka ba shi miliwat ɗaya na ƙarfi, ana auna ta da desibel, ana rubuta ta da dB/mW. Kamfanin Sony ya rubuta om 63 da desibel 106 a kan MDR-7506. Lissafin ba shi da wahala. Ana ninka yawan bolt ɗin wutar da na'ura ke fitarwa da kansa, a raba da yawan om, sai a samu ƙarfin da ke isa ga hedifon. A ɗauka cewa waya tana fitar da rabin bolt idan an ƙure muryarta, wanda ba baƙon abu ba ne ga ƙananan na'urori. A kan om 63, wannan zai ba da wajen miliwat 4. Duk lokacin da ƙarfi ya ninka sau biyu ƙara tana ƙaruwa da desibel 3, don haka miliwat 4 yana ƙara desibel 6, a kai wajen 112. Babu mai hankalin da zai saurari komai a wannan mataki, kuma ba domin haka ake buƙatarsa ba. Amfaninsa shi ne mutum zai tsaya a tsakiyar murya, na'urar tana aiki cikin natsuwa, kuma idan aka doka kalangu ko ganga da ƙarfi akwai sauran sarari da dukan zai fita ba tare da ya fashe ba.

Wani ƙanena da ke aikin ɗaukar murya a wani ƙaramin situdiyo a Marwa yana da Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250, wanda ake ƙerawa a Jamus, kuma a wurin aikinsa ban taɓa jin abin kushewa a sautinsa ba. Da ya zo Garwa muka jona shi a ƙaramar MP3 ɗina muka sa wani tsohon ɗauka na garaya da aka kwafo daga kaset. Muka ƙure murya, amma garayar tana can nesa kamar daga wani ɗaki ake kaɗa ta, kuma kaurin sautin da aka san hedifon ɗin da shi ya janye. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan na'urar taka ce ba ta da ƙarfi." Gaskiya ya faɗa, sai dai ita ce irin na'urar da mafi yawanmu muke da ita. Lambobin kwali sun riga sun faɗi abin da muka ji: rabin bolt a kan om 250 miliwat ɗaya ne kacal, kuma kamfanin ya rubuta desibel 96, wanda ke nufin 96 ɗin nan ita ce ƙololuwar da za a iya kaiwa, alhali matsakaicin ƙarar waƙa yana ƙasa da ƙololuwarta da desibel 10 ko fiye. Ya kamata a yi wa hedifon ɗin adalci. A cikin ɗaki mai shiru, da sababbin waƙoƙin da ake haɗawa da ƙara sosai, zai wadatar. A cikin motar haya, ko da tsofaffin ɗauka masu sanyin murya, waɗanda su ne rabin abin da ke cikin memorin dattawanmu, ba zai wadatar ba. Ɗaura shi a kan ƙaramar MP3 tamkar ɗaura wa jaki amalanken shanu ne: zai motsa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an zo tudu sai ya tsaya. Haka lamarin yake ga Sennheiser HD 600 mai om 300, wanda masana sauti suke yabo tun fitowarsa a 1997. Wanda yake son DT 770 Pro domin waya ya nemi mai om 32, domin kamfanin yana yin iri uku, 32 da 80 da 250, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne ga wanda bai karanta rubutun jikinsu ba.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu tsakanin waɗanda suka fara fahimtar wannan magana, wato ɗaukar cewa ƙarancin om shi kaɗai ya isa. AKG K240 Studio om 55 ne, ƙasa da na Sony, amma desibel 91 yake bayarwa a kan miliwat ɗaya. Da rabin bolt ɗin nan ba zai wuce wajen desibel 98 ba, kusan daidai da mai om 250. Tazarar da ke tsakaninsa da MDR-7506 a kan takarda desibel 15 ce, wato yana buƙatar ƙarfi fiye da ninki 30 kafin ya kamo shi. Wannan shi ya sa nake ganin lamba ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. Sai kuma a lura da abin da aka rubuta bayan lambar, domin wasu kamfanoni suna aunawa da bolt ɗaya maimakon miliwat ɗaya, su rubuta dB/V, kuma wannan lamba kullum ta fi girma. Shi K240 ɗin kansa ana rubuta masa 104 a wannan ma'auni, wanda zai sa mai gaggawa ya zaci ya yi kusa da Sony. A kan hedifon mai om 32 bambancin ma'aunan biyu ya kai desibel 15. Abin da nake bi shi ne om daga 16 zuwa wajen 64, tare da desibel 98 ko sama a ma'aunin miliwat. Kamfanoni ba su auna kayansu ta hanya ɗaya, don haka lambobin jagora ne kawai, kunne ne yake yanke hukunci.

To, yaya sautin MDR-7506 yake? An fitar da shi a 1991 domin ma'aikatan rediyo, talabijin da masu ɗaukar murya, kuma har yau ana ƙera shi kusan a yadda yake. Wannan asali nasa yana bayyana a kunne. Muryar ɗan Adam ita ce yake fifitawa. A karatun Alƙur'ani ana jin fitar kowane harafi, ana bambance sin da sad ba tare da an kasa kunne da ƙarfi ba, har numfashin mai karatu tsakanin aya da aya yana fitowa. A wa'azin da aka ɗauka a masallaci da waya, inda amsa-kuwwar gini take cakuɗa magana, yana tsamo muryar malami fiye da duk wani iyafis da na gwada. Kalangu yana fita da tsininsa, ana jin sauyin murya lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, kuma gurmi da garaya ba su nutsewa a ƙarƙashin amshi. Kaurin sautinsa yana nan daidai gwargwado, a ɗaure, ba ya malala ya rufe sauran kayan kiɗa. Matashin da ya saba da hedifon mai girgiza kai da duka zai ce ya yi masa rama, kuma ba zan yi masa musu ba, domin ba domin wannan aka yi shi ba.

Wannan kaifi nasa shi ne kuma aibinsa na farko. Ba ya rufa wa mummunan ɗauka asiri. Fayilolin da suka bi ta hannu da hannu, daga Bluetooth zuwa WhatsApp zuwa wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa, galibi an matse su har sun lalace, kuma MDR-7506 zai nuna duk wani shuuu da tsatsa da ke cikinsu. Algaita da goge, waɗanda dama muryarsu siririya ce, suna iya sukar kunne idan an daɗe ana ji. Maganin da na samu shi ne rage siraran muryoyi kaɗan a ma'aunin sauti na na'urar, idan tana da shi, da kuma neman fayil mai kyau tun daga tushe.

Aibi na biyu igiyarsa ce. Murɗaɗɗiya ce irin ta tsohuwar wayar tarho, tana miƙewa har wajen mita 3, tana da nauyi, kuma ba a cire ta daga jikin hedifon. A kan tebur wannan alheri ne. A kan tafiya kuwa, nauyinta yana jan ƙaramar MP3 daga aljihu, kuma sai an naɗe ta an cusa cikin riga. Kanta na milimita 3.5 ne, amma yana da kauri da zare na ɗaura babban kai mai milimita 6.3, saboda haka ba ya shiga wasu wayoyin sai an cire musu riga. Ba shi da makirfo, don haka ba a amsa kira da shi. Idan igiyar ta tsinke daga ciki sai an kai wa mai gyaran rediyo ya warware sukurori ya yi mata dalma, aikin da masu gyara a babbar kasuwar Garwa za su iya, domin da sukurori aka haɗa shi ba da gam ba. A wannan fanni Audio-Technica ATH-M40x ya fi shi, domin igiyarsa ana cirewa a sauya, kuma da om 35 da desibel 98 shi ma waya tana tura shi ba tare da wahala ba. Sautinsa ya fi taushi a siraran muryoyi, sai dai ya fi matse kai.

Aibi na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne wanda masu sharhi a ƙasashe masu sanyi ba su cika ba shi muhimmanci ba. Matasan kunnensa soso ne da aka lulluɓe da siririyar fatar roba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, kunne yana jiƙewa da gumi cikin ɗan lokaci, kuma gumin nan yana cin fatar. Da farko sai ta tsattsage a wurin ɗinki, daga baya ta fara ɓarewa, mutum ya cire hedifon ya tarar da baƙaƙen ɓarɓashi a kunnensa da wuyan rigarsa. Idan sun lalace ba kyan gani kaɗai ake rasawa ba, domin iska tana shiga ta gefe, kaurin sauti ya ragu, hayaniyar waje ta ƙaru. Ana sayar da matasan daban kuma sauya su ba ya buƙatar kayan aiki, saboda haka shawarata ita ce duk wanda zai yi saƙon hedifon ɗin daga Duwala, Kano ko Dubai ya haɗa da matasai na ajiya tun a saƙon farko. Akwai masu yadi mai laushi waɗanda suka fi jure gumi, amma suna ɗan rage kaurin sauti da tare hayaniya. Goge su da ƙyalle bayan an gama amfani yana ƙara musu kwana. A lokacin hunturu kuma, ƙurar da ke saukowa daga arewa tana shiga ko'ina, don haka a riƙa naɗe shi a mayar cikin jakarsa, tun da yana naɗewa kuma da jakar yake zuwa.

Ga wanda zafi ya fi damunsa, ko kuɗinsa bai kai ba, akwai Koss Porta Pro, wanda aka fara sayarwa a 1984 kuma farashinsa a Amurka yana wajen rabin na Sony. Om 60 ne da desibel 101, don haka kowace waya tana tura shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, soso ne zalla ke zama a kan kunne, iska tana ratsawa, kuma sautinsa yana da ɗumi da kauri, yana yafe wa tsofaffin ɗauka laifinsu. Ƙarfen kansa siriri ne, yana zama a kan hula ba tare da ya murƙushe ta ba, abin da Sony ba ya yi. Amma bayansa a buɗe yake. Na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai kuma kana jin duk abin da ke kewaye da kai. A tsakar gida da dare ya fi Sony daɗin zama. A cikin bas ko jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde ƙarar inji za ta cinye shi, sai mutum ya riƙa ƙara murya domin ya rinjayi hayaniya, kuma a nan haɗarin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 lokacin yana sauka zuwa awa 4 kacal a mako, kuma ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Hedifon mai saurin amsawa irin MDR-7506 yana iya kai mutum wannan mataki cikin sauƙi ko da a kan ƙaramar waya, don haka sauƙin turawar da na yaba masa yana buƙatar kamun kai. Abin da ke taimakawa shi ne bayansa a rufe yake, yana rage hayaniyar mota, kuma wanda ba ya kokawa da hayaniya ba ya buƙatar ƙure murya. Wannan rufewa ita ce kuma ta sa bai dace da wanda ke kan mashin ko mai tafiya a gefen titi ba, inda jin hon yake tsare rai. Wayoyin hannu na biyu da ke shigowa daga Faransa da sauran ƙasashen Turai suna da wani ƙarin ƙa'ida: dokokin can sun tanadi gargaɗi idan an kai desibel 85 da kuma iyaka a 100, saboda haka irin waɗannan na'urori sukan fi sauran sanyin murya, kuma a kansu hedifon mai yawan om ya fi saurin gazawa.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi na Bluetooth a huta ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin irin wannan hedifon yana ɗauke da amfilifayarsa a ciki, kuma maganar om ba ta shafe shi ba. Sai dai yana buƙatar caji, a garuruwan da ake ɗauke wuta ba tare da sanarwa ba, kuma idan batirinsa ya mutu bayan 'yan shekaru galibi shi ke nan. Ƙananan MP3 da yawa ba su da Bluetooth. Ga kuma rediyon FM na yawancin wayoyi, wanda igiyar iyafis ce eriyarsa, kuma ba ya kamawa sai an jona ta. Mata masu ɗaura ɗankwali ko sa hijabi za su fi samun sauƙi da iyafis mai shiga cikin kunne, wanda kusan kowanne om 16 zuwa 32 ne kuma babu na'urar da ke kasa tura shi.

Saura maganar jabu, domin MDR-7506 yana cikin hedifon da aka fi kwaikwaya. Idan farashin ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka san shi da shi, wanda yake wajen dala 100 a kasuwannin Amurka kafin kuɗin sufuri da kwastan, to a yi hattara. Na jabu yakan fi sauƙin nauyi, maɗaurinsa yana ƙara idan an naɗe shi, kuma sautinsa a cushe yake, babu kaifin muryar da aka san na gaske da shi. A je shago da na'urar da za a riƙa amfani da ita, kada a yarda da gwaji a kan kwamfutar mai shago ko babbar rediyonsa, domin waɗannan sun fi waya ƙarfi kuma za su ɓoye gazawar. A tafi da fayil biyu da aka sani sosai, ɗaya tsohon ɗauka mai sanyin murya, ɗaya kuma mai dukan ganga. A sa murya a wajen kashi 60 cikin 100. Idan tsohon ɗaukan ya fito sarai a wannan mataki, a cikin hayaniyar kasuwa, na'urar ta iya hedifon ɗin. Idan sai an ƙure kafin a ji, ko dukan ganga yana fashewa, a mayar wa mai shago kayansa. Sannan a juya kan igiyar a cikin ramin a hankali, a saurara ko kunne ɗaya yana yankewa, domin ramin wayar da ta sha ƙura yakan buƙaci a share shi da tsinke kafin a ɗora wa hedifon laifi.